Ta Hannu ko Ta Kafawa

Tungar Baƙin Dutse, Tafkin Kainji
Farkon bazara

Zuwa ga Yaya Karima,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida da abokan kasuwa. Ayo direba ya ce ƙafar ta sake tashi har kina dogara sanda, Allah ya sawwaƙe. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Ɗanki Sagir yana nan garau, ya yi baƙi ya yi ƙiba, yana gaishe ki. Kin san tungar nan ba sabis, kuma ko na hau dutse na kira ba kya ɗauka, shi ya sa na ba Ayo takarda ya haɗa da kwalayen bandarki.

Dalilin rubutun shi ne, kwanan baya hadarin farko ya rufe mu a tsakiyar tafki, ni da Sagir. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba a ganin gabas balle yamma. Muka yi ta zagaye har mai ya kusa ƙarewa, da muka ga gaɓa ashe tungar wasu ce can nesa. Ni da na tsufa a ruwan nan ban ji daɗin abin ba ko kaɗan.

Masunta a nan sun fara sayen wata na'ura da suke ce wa jifiyes. Tana nuna maka inda kake a kan ruwa, tana zana hanyar da ka biyo, kuma in ka zuba ragar kalli kana iya sa alama ka dawo ka same shi ko da ba ka ganin gaɓa. Iri biyu ce. Akwai ta hannu, kamar tsohuwar waya mai maɓallai, ana rataya ta a wuya. Akwai ta kafawa, mai babban allo, ana ɗaure ta da ƙusoshi a gaban mai tuƙi tana shan wuta daga batir.

Ni ta hannu na zaɓa. Ba ta da nauyi, ba ta jin ruwa, kuma ɓarawo ba zai gan ta a jirgi ya yi sha'awa ba. Ina sanar da ke ne saboda jirgin namu ne mu biyu, tun da ubanki da ubana suka haɗa hannu aka ƙera musu shi, kuma daga abin da jirgi ya samo za a saya. Ba sai kin wahalar da kanki da ba da shawara ba, sha'anin ruwa ne.

A gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Dawuda

*

Kankia
Ranar kasuwa

Dawuda,

Ina amsa gaisuwarka. Ƙafa da sauƙi, kuma ka faɗa wa Ayo ya riƙa kallon titi, ya daina kallon ƙafafun mutane. Banda ta iso, kwali ɗaya rabinsa ya murmushe. A gaishe mini da Sagir, a ce ya riƙa sa hula.

Na karanta takardarka har sau biyu, na kuma yi dariya ni kaɗai a rumfa. Kifi na ganinka, mai jar koma. Ka zaci don ina zaune a Kankia ina sayar da banda ban san dokar jirgin nan ba? A gaban idona Baba ya faɗa wa ubanka: abin da aka kafa a jirgi na jirgi ne, abin da ke aljihu na mai aljihu ne. Da dokar nan ubanka ya tafi da fitila da rediyo, mu aka bar mu da angar tsayar da jirgi. Yanzu kai ma ka ga abin da zai shiga aljihu.

Bari in faɗa maka yadda za a yi in an sayi ta hannu. Ruwa zai sauka, za ka tattara ka taho Kusada ka yi shuka a Dudunni kamar kowace shekara, na'ura tana rataye a wuyanka. Wa za a bari da jirgi duk damina, lokacin hadari da iska? Sagir. Yaron da ya tashi a Kankia, wanda babban ruwan da ya sani kafin ya je wurinka shi ne kududdufin bayan makaranta. Kai da ka ce ka tsufa a tafki ka ɓata, shi kuma fa? Shi kaɗai gare ni, Dawuda. Tun da mahaifinsa ya rasu ba ni da wani namiji a gida, kuma ban ba ka shi don ka bar shi a tsakiyar ruwa ba ido ba.

Na je wurin Lucas, mai shagon sola da batura a bakin tasha. Kafin ka ce me ya sani, mutumin bakin teku ne, ubansa da jirgi ya ci da su. Ya nuna mini hotunan duka biyun. Ya ce ta hannu allonta ƙarami ne, batirinta na mutuwa lokacin da aka fi buƙata, kuma in ta suɓuce ta faɗa ruwa shi ke nan. Ta kafawa kuwa mutum na tuƙi yana kallo, hannuwansa biyu na kan aiki.

Ta kafawa za a saya. Rabin jirgin nan nawa ne, kuma a rabina za a buga ƙusoshin in naka ba ya so.

Yayarka,
Karima

*

Tungar Baƙin Dutse

Yaya Karima,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai dai ni ciwon kai ya kama ni tun da na karanta takardarki. Sagir lafiyarsa ƙalau, kuma yana da hula.

Ashe ɓarawo kika ɗauke ni, ni da ubana da yake kabari. Fitilar da kike magana ubana ne ya saye ta da gumin goshinsa, amma bar wannan. Shekara nawa ina aiko miki da rabonki ba tare da kin taɓa jiƙa ko ɗan yatsa ba? Yau a kan abin da bai fi tafin hannu ba kin tono matattu.

Ni ma na san abin da kike nufi. Lucas ɗin naki ba shi ne yake sa wa babura abin nan da mai babur yake gani a waya duk inda aka kai masa shi ba? Kin zaci irinsa ne. Kina so ki zauna a rumfa ki riƙa ganin wace tunga na je, wa na sayar wa kifi. To, ki huta, wannan ba ta aika wa kowa labari. Wanda yake gabanta kaɗai take yi wa magana.

Kuma tunda shawarar mai shago kika fi so, ki tambaye shi waɗannan. Jirginmu ba shi da rumfa, ina za a kafa allo ruwa bai doke shi ba? Batir ɗin da za ta sha wa zai riƙa ɗaukarsa zuwa caji, kuma in igiyar ruwa ta shigo ta jiƙa wayoyin fa? Jirgi a bakin gaɓa yake kwana, wa zai yi gadin abin da kowa ke gani yana ƙyalli? Ruwan tekunsu daban, namu daban. In kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, ba mai sayar da batir ne zai musa ba.

Maganar cewa zan tafi da ita Kusada, me zan yi da ita a gona? In nemo gero? Ban ce zan tafi da ita ba, ban kuma ce zan bari ba, domin ba ki tambaye ni ba, hukunci kawai kika yanke.

In tsoron damina kike ji, ga shawara mai sauƙi: ki kira ɗanki gida. In ja jirgi tudu in kife shi har kaka, kowa ya huta. Ni ban roƙi a ba ni shi ba, ke kika haɗo ni da shi da jakarsa kika ce ya tsare miki rabonki, kamar ni ba ɗan'uwa ba ne. Amma ƙusa dai ba za a buga a jirgin nan don a ci mini fuska ba.

Dawuda

*

Kankia

Dawuda,

Gaisuwa. Muna lafiya. An yi yayyafi jiya, mutanen Kafin Soli har sun fara fitar da iri.

Ka daɗe ba ka ji ni ba saboda ina jiran abu ya iso, ba don ka rufe mini baki ba. Ban ce ka saci komai ba, amma wanda ya ji tsoron a gan shi, shi ya san abin da yake yi. Lucas ya riga ya faɗa mini ba ta nuna wa na gida komai, kuma wallahi na ji haushin hakan. Ba kai nake son gani ba, me zan kalla a jikinka? Ɗana nake son gani.

Kana cewa in kira shi gida kamar ban gwada ba. Ran da ya hau dutse ya kira ni na ce ya taho, ka san abin da ya ce? "Inna, in taho in yi mi? In zamna rumhwa ina korar ƙuda? Bana nike son in tara abin aure, kuma da damina kihi ya hi tsada." Na yi faɗa, na yi lallashi, sabis ya ɗauke. Taurin kan nan ba daga gidan ubansa ya ɗauko ba, a wurinka ya koya. In ka kife jirgi kuwa ba gida zai zo ba, kwalekwalen wani zai shiga, wanda ban san ko waye ba.

Tambayoyinka duka na kai wa Lucas, ya amsa su da kaya, ba da baki ba. A cikin kwalin da Ayo zai ba ka akwai na'urar, da akwatin roba mai murfi da za a rufe ta, da batir, da ƙaramar sola da za ta riƙa cika shi a cikin jirgin. Ƙusoshin irin waɗanda ba sa kwancewa sai da mabuɗinsu ne. Ɗan kunnena na sayar, ban taɓa kuɗin jirgi ba, don kada ka ce na yi maka shisshigi a rabonka. Da zarar an kafa ta kuwa ta zama ta jirgi, kai ma kana da rabi a ciki. Ka ga ni ba irinku ba ce.

Na gaji da kai, Dawuda. Kullum kana nuna mini cewa numfashin ɗana a hannunka yake, in na yi magana ka ce sha'anin ruwa ne. To, ga ido na saya masa. Ka kafa ta, ka nuna masa, ka tafi gonarka. Ba ma buƙatarka.

Karima

*

Kusada
Bayan shuka

Yaya Karima,

Ina gaisuwa. Na iso gida lafiya, na sami Rauda da yara lafiya. Shuka ta yi kyau a Dudunni, gero har ya fara tsira.

Umarninki ya cika. Na kafa ta da hannuna a gaban mazaunin mai tuƙi, na ɗaure sola a kan katako. Da na buga ƙusar farko sai da na ji kamar a jikina, amma na buga. Na fita da Sagir na nuna masa yadda ake sa alama da yadda ake bin layi a koma gida. Ya fi ni gane ta, ba zan ɓoye ba. Allon yana da kyau, ko da rana tsaka ana gani. Kin ji daɗi?

Na saba in tsaya har ruwa ya zauna, in samo wanda zai riƙa fita tare da shi kafin in taho. Bana tunda an ce ba a buƙatata, na taho da wuri na riga kowa shuka. Na ce masa ya nemi abokin fita da kansa. Ya ce, "Kawu, wane abokin hita kuma, a raba riba uku? Ga abokina nan an kahe mani. Yanzu ko ina ni ka zuwa." Na ce masa allo ba ya jan igiya, ba ya kuma miƙa wa mutum gora. Ya yi dariya. Tunda ke ce mai iko da shi, sai ki faɗa masa da kanki, kada ya wuce duwatsun gaban tunga shi kaɗai.

Motarmu ta tsaya a tashar Kankia, na hango rumfarki, ban ƙarasa ba. Na san an ce zumunta a ƙafa take, amma ƙafar da aka ce ba a buƙata gara ta san inda za ta taka. Wannan takardar ma wani mai babur na ba.

Dawuda

*

Kankia

Dawuda,

Ba doguwar gaisuwa. Ba ni da lafiya tun da takardarka ta zo.

Kai wane irin mutum ne? Magana ta fushi ita ka ɗauka ka rataya a wuya kamar laya? Sau nawa na ce maka ka fita idona, ka fita? Duk abin da na faɗa maka a duniya ba ka taɓa bi ba sai wannan. Ka ji da kunnenka yaro ya ce zai fita shi kaɗai, ka ɗauki jaka ka taho shuka, kuma ka zauna ka rubuto mini kamar labarin wani. Yaya zan yi in faɗa masa? Shi ne yake kira, ni ba na samunsa.

Ayo ya zo, ba banda, ba saƙo. Ya ce bai ga Sagir a bakin kasuwar kifi ba, wai an yi iska kwanakin nan masunta da yawa ba su kawo kaya ba. Wayar tana hannuna ko'ina na je, har banɗaki.

Ka bar wa Rauda da yara noman, ka koma. Ba roƙonka nake yi ba, haƙƙi ne, kai ka karɓe shi daga hannuna a ƙofar gidan nan.

Karima

*

Kankia

Dawuda,

Mai babur ya rantse ya ba ka takardata hannu da hannu. Shiru. In kana jira in ce na yi kuskure ne, to, na ce. Ka ji? Na ce. Yanzu ka tashi ka tafi, in ya so ka riƙe gabar har mu mutu.

Ayo ya sake zuwa bai tsaya a rumfata ba, ta bayan masallaci ya bi. Ayo bai taɓa wuce ni ba. In ka san wani abu ka faɗa mini.

Karima

*

Tungar Baƙin Dutse

Yaya Karima,

Assalamu alaikum. Allah ya ba mu haƙuri. Na san labari ya riga takarda, Sarkin Ruwa ya ce ya sami limamin unguwarku a waya, limamin ya shigo ya faɗa miki. Allah ya jiƙan Sagir, ya sa ya huta. An ce kin ce ba kya son jin komai daga bakin kowa sai nawa, tun daga farko har ƙarshe. Ga shi.

Takardarki ta cewa in koma tana zuwa na bar fartanya na kama hanya, shi ya sa ta bayanta ba ta same ni ba, nan Rauda ta aiko mini da ita. Ko da na iso an riga an tsinci jirgin. Wasu masunta ne suka gan shi ya shige cikin ciyawa can arewa, mai ya ƙare, ba kowa a ciki. Butarsa da ƙunshin garinsa suna nan. Na'urarki tana kunne, sola na ba ta wuta. Ba ta ɓata ba, ba ta jiƙe ba, ba wanda ya sace ta. Ta san inda jirgi yake sarai, Sagir ne dai ba ya ciki.

Mutanen tunga sun yi ta nema a kusa da inda aka ga jirgin, ba su samu ba. Da na zauna gaban allon sai na ga layin tafiyarsa. Ya fita daga tunga ya wuce duwatsu, ya shiga ruwa mai zurfi. Nan layin ya yi 'yan lanƙwashe-lanƙwashe, alamar yana zuba kalli. Daga nan kuma sai ya miƙe sak, ba karkata ko kaɗan, har cikin ciyawa. Ba mai tuƙin da yake tafiya haka a ranar iska. Na ce musu a nan ya faɗa, inda layin ya miƙe, jirgi ya tafi da injinsa a kunne.

Muka bi layin muka koma. A nan muka jawo kallin, Sagir yana ciki. Igiya ce ta naɗe masa ƙafa lokacin da yake zubawa, ta fizge shi. Abu ne da yake faruwa ko ga tsofaffin masunta. In akwai mutum a baya, sai ya kashe inji ya jawo igiya, a yi dariya a koma gida.

Ba zan ce miki ta hannu da ta cece shi ba, ƙarya ne. Mutumin da igiya ta riƙe a ƙarƙashin ruwa ba abin wuya ne zai fitar da shi ba. Ba kuma zan ce taki ta kashe shi ba, ko da yake ita ta ba shi ƙarfin halin wuce duwatsu, ita kuma ta nuna mana inda yake. Mun shafe bazara muna faɗa a kan wadda za a saya, ba wanda ya tsaya a kan wanda zai zauna a bayansa. Ke kika ce in tafi, ni kuma na tafi. Allah ya san rabon kowa a ciki.

Na san kina so a kawo shi Kankia. Ba a yi ba. Al'adar ruwa ce, wanda ruwa ya ci a bakin ruwan ake rufe shi, kuma ko ba al'ada, yadda muka same shi ba zai yi tafiya ba. Akwai wani tsibiri kusa da wurin, inda Fulani suke kiwo kafin ruwa ya cika. Su suka ba mu farin yadi, wani dattijonsu Modibbo ya yi masa salla, mu da yawa a bayansa. Mun haƙa a kan tudu, inda suka ce ruwa ba ya kaiwa. Ni na sa shi a ciki.

Tsibirin ba shi da suna, ba bishiya, kuma irinsa sun fi a ƙirga a wajen. In ruwa ya cika siffarsu duka takan canza, Fulanin ma tashi suke yi. Saboda haka na ja jirgi har bakin tudun na sa alama a na'urar.

Kayansa suna wurin Ayo. Ban zo ta'aziyya ba don ban san ko za ki bari in shiga ba.

Dawuda

*

Kankia

Dawuda,

Wa alaikumus salam. Takarda ta iso, da jakarsa. Ina nan da rai. Rauda ta zo daga Kusada ta zauna da ni har aka share makoki, ita ba ruwanta, Allah ya saka mata.

Ka kyauta da ba ka zo ba. Ban yafe maka ba, kada wani ya ce maka na yafe. Kaina ma ban yafe wa ba, amma wannan tsakanina da Ubangijina ne, ba da kai ba. Mutane suna ta cewa kwana ne ya ƙare, na sani, ina amsa musu da amin. In suka fita sai in koma in karanta inda ka ce a yi dariya a koma gida.

Lucas ya zo har gida yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce da ya sani da bai sayar mini ba. Na ce ya tashi ya buɗe shagonsa. Na tambaye shi ko za a iya fitar da alamar nan a sa mini a waya. Ya ce ana iyawa, ɗigo ne kawai zan gani a kan shuɗi. Me zan yi da ɗigo?

Liman ya ce mata ba sa bin maƙabarta. Na ce masa wannan ba maƙabarta ba ce, tudu ne a tsakiyar ruwa, kuma ɗana yana can shi kaɗai, ba dangi ba maƙwabci. Ban taɓa shiga jirgi ba, kuma ina tsoron ruwa fiye da yadda kake zato. Zan je kafin ya cika.

Na rufe rumfa. Ayo zai kawo ni har bakin tafki a zuwansa na gaba. Ka sa mai ya isa zuwa da dawowa, ka nemi mutum na biyu ya zauna a baya. Da akwai wani a duniya da zai iya kai ni, da ba kai zan nema ba, amma kai ka sa shi a ƙasa, kai za ka nuna mini wurin. Ka riƙe mini hannu in zan shiga, saboda ƙafar. Bayan wannan kada ka yi mini magana har mu isa.

Karima